Mai Saiti, Sun Sa Sunanka a Kan Abin da Ka Ƙi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina zaune a teburina ina jan katangar wata makaranta a kwamfuta, sai matarka ta kira ni. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Kawu, ɗanka ya cika." Ciwon ƙodar da ka daɗe kana ɓoye mana shi ne ajali. Na ajiye wayar, na kalli allon, na ga layin da nake ja yana nan rataye, bai kai ƙarshe ba.

Ga wanda bai san ka ba, kai ne mai kula da saitin manhajar zane a ofishinmu na masu zanen gine-gine. Sunanka na yanka ya ɓace tun shekararka ta farko, har mai gadi Mai Saiti yake ce maka. Ni kuma, da na girme ka nesa ba kusa ba, ka laƙaba min Kawu, ofis gaba ɗaya ya ɗauka.

Kafin ka zo, kowa sarkin kansa ne. Wannan ya zana katanga da ja, wancan da kore, na kusa da taga ya sa wa bututun ruwa kaurin layin ginshiƙi. In aka haɗa zanen mutum uku aka buga, wallahi sai ka rantse yara ne suka yi wasa da alli. An taɓa samun magini ya kira daga wurin aiki yana tambaya ko da gaske muna son katanga a tsakiyar banɗaki, alhali layin magudana ne wani ya kumbura shi.

Ka zo ka raba abin gida biyu a babbar kwamfutar ofis. Folda ɗaya ka kira ta ta gida: sunayen layuka, kaurinsu, irin rubutu, akwatin da ake sa sunan kamfani a gefen takarda. Wannan kai kaɗai ke taɓa ta. Ɗayar ka kira ta ta aljihu, kowa da tasa: launin allonsa, gajerun maɓallansa, inda yake son kayan aikinsa su zauna. Duk kwamfutar da mutum ya zauna ya shigar da sunansa, aljihunsa na biye da shi. Dokarka guda ce, kuma ka maimaita ta har muka gaji: abin da zai fita a takarda na kowa ne, abin da hannun mutum ke taɓawa nasa ne.

A kan ta gida ba ka da wasa. Na tuna ranar da Sarkin Surutu, wanda ke zana mana wayoyin lantarki, ya lallaɓa ya canza rubutun ofis zuwa wani mai lanƙwasa, wai ya fi kyau. Duk zanen da aka buga ranar ya fito kamar katin gayyatar biki. Ba ka ɗaga murya ba. Ka mayar da komai, sannan ka manna ɗaya daga cikin takardun a bayan kujerarsa, ya yini yana yawo ana yi masa barka da aure. Amma shi ɗin dai, da ya ce farin allo na sa masa ciwon kai, kai ka zauna da shi kuna gwada launuka har ya ce wannan ya yi.

Abin da ka yi min kuwa, bakina ba zai iya biya ba. Lokacin da ɓarin jikina na dama ya shanye, na dawo daga asibiti da hannun da na yi rayuwata ina zane da shi yana lilo kamar ba nawa ba. Kowa ya yi min sannu irin ta sallama. Kai ka jawo kujera ka ce, "Kawu, ja min layi da hagu in gani." Na ja, layin ya ƙi kama kusurwa. Na ce maka ka bar ni, na gama. Ka ce, "Haba Kawu, kai da ka koya wa rabin ofis ɗin nan zana matakala? Sake ja."

Ka zauna kana kallon yatsuna, ba allon ba. Ka samo min maus, abin jan kibiyar da ke yawo a allo, mai maɓallai da yawa, ka ɗora wa kowane maɓalli aikinsa: wannan layi, wannan gogewa, wannan awo. Ka faɗaɗa yadda manhajar ke cafke ƙarshen layi, ta yadda ko hannuna ya kauce za ta kama min. Ka rage saurin kibiyar, ka ƙara mata girma. Duk ka zuba su a aljihuna. Zanena ya ci gaba da fita a takarda daidai da na kowa, babu wanda zai duba ya ce na mai hannu ɗaya ne. Da wannan aljihun na ci gaba da zama mutum a gidana.

Sai aka kawo sabon manaja. Mutum ne mai son komai ya yi layi, har kofunan shayi. Ya zaga bayan kujerunmu, ya ga allon wannan baƙi, na wancan toka-toka, nawa da ƙatuwar kibiya, ya ce wannan kasuwa ce ba ofis ba. A taro ya ce a rufe foldar aljihu, kowa ya koma saiti ɗaya. Ka miƙe ka ce masa takardunmu iri ɗaya suke fita, to me ya dame shi da yadda mutum ya riƙe alƙalaminsa? Ka ce akwai wanda in an taɓa aljihunsa an taɓa abincinsa. Ba ka kalle ni ba, don kada ka kunyata ni, amma kowa ya gane.

Sakamakonka shi ne aka karɓe kalmar sirrin babbar kwamfuta daga hannunka aka ba wani kamfani na waje, kai kuma aka tura ka ɗakin firinta kana naɗe takardu. Mutumin da ya gina tsarin! Abu ɗaya ka fizgo daga bakin manaja a gaban mai kamfani: ba za a taɓa foldar aljihu ba muddin kana ofis ɗin. Ka riƙe wannan "muddin" da haƙoranka. Ƙafafunka sun kumbura har ka koma sa silifa, fuskarka ta yi fari, ana wanke maka jini ka fito ka wuce ofis. Na ce ka zauna a gida ka huta, ka yi dariya ka ce warin tawadar firinta ne maganinka. Ni na san abin da kake gadi, kai ma ka san na sani.

Ranar jana'izarka manaja ya zo da farar riga mai guga, ya tsaya a ƙofar gidanku ya ce ofis ya yi rashin ginshiƙi. Ya fi kowa daɗewa da hannu a sama wajen addu'a. Ina tsaye ina jin sa, na ƙyale shi saboda darajar gawarka.

Da muka koma aiki na shigar da sunana, sai allon ya buɗe fari fat. Kibiyar ta koma ƙanƙanuwa tana tsalle. Na danna maɓallin layi, shiru. Na danna na awo, shiru. Sun share aljihun kowa, ko makokinka ba a tashi ba. A saman allon kuma ga rubutu da manyan baƙaƙe: sabon tsarin bai ɗaya, an sa masa sunanka, don tunawa da kai. Na ja ƙafata na je ofishin manaja. Ya tashi ya ba ni kujera, ya ce, "Kawu, ai tsarin marigayi ne. Mu girmama shi mana." Na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya ce in aikin ya yi min nauyi, ai shekaruna sun kai na hutu.

Na koma na gwada, kada a ce ban gwada ba. Tun safe har azahar ina fama da katangar nan ta makaranta, wadda na bari rataye ranar da ka rasu, ta ƙi haɗuwa da 'yar'uwarta. Sarkin Surutu ya zo ya tsaya a kaina yana kallon allon. Na kashe kwamfutar, na ɗauki hulata. Ban yafe ba, Mai Saiti. Na san da kana nan za ka ce in bar su da Allah. Na bar su da Shi, amma ban yafe ba.

Saura alkawarin da ke tsakaninmu. Ka ce ni zan zana maka gidan da za ka gina wa iyalinka a filin nan naka, ba ka yarda da hannun kowa ba sai nawa. Da na je gaida matarka, ta tambaye ni a hankali, "Kawu, zanen gidan fa?" Na ce mata yana nan tafe. Na sauko da tsohon allon zanena daga saman kabad, na kakkaɓe shi, na danne rula da mataccen hannuna, na riƙe fensir da hagu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ya yalwata kabarinka kamar yadda ka yalwata wa hannuna. Ya ba matarka da 'ya'yanka da mahaifiyarka haƙurin da ni na kasa samu, Ya tsaya musu a inda ka bari. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya na gama ɗakin 'ya'yanka. Katangar gabas ta ɗan karkace, na goge na sake har takardar ta kusa hujewa, ba ta miƙe ba. Na rubuta awon a gefe, magini zai gane. Ka yi haƙuri, ɗana, iyakar abin da hannun ya iya ke nan ba tare da kai ba.