Tut Mai Hula da Tsutsar da Ban Gani Ba

Ko zan manta komai na zamana a Madina, ba zan manta rana ta biyu da na yi a wani shagon asir da ke Anbariyya ba, inda muke matse ruwan 'ya'yan itace. Mai shagon dattijo ne, Bahaushen Cadi, kowa Mu'allim yake ce masa. Kwana uku ya ba ni na gwaji, in na iya ya riƙe ni, in ban iya ba in kama gabana. Ni kuwa wata biyu ke nan ina zaune a gidan yayana a unguwar Sih ba aiki, har matarsa ta fara ajiye mini kwano da ƙarfi.

Ranar farko da Mu'allim ya tambaye ni ko na san kayan marmari, sai na bugi ƙirji. Na ce ubana mai lambu ne, babu ɗan itacen da zai ba ni mamaki. Lambun kam akwai shi, amma mangwaro ne da gwaba.

Washegari da safe ya fiddo ƙananan kwalaye biyu na wasu 'ya'yan itace daga firji, ya ce tut ne, wata Hajiya ta sa aka kawo don walimar 'yarta, in tsince ruɓaɓɓun kafin ya dawo daga kasuwa. Duka baƙaƙe ne, kamar an dunƙule 'ya'yan carbi wuri guda. Na kwalin farko manya ne, suna sheƙi, kowanne da farar cibiya a gindi. Na biyun kuwa, na juya ɗaya, sai ga rami. Na juya wani, rami. A garinmu in ka ga rami a ɗinya ko magarya, ba sai an gaya maka ba, tsutsa ta riga ka. Na leƙa ban gan ta ba, na ce ai ta ƙoshi ta yi gaba. Na juye kwalin kaf a shara, har na bi shi da ɓawon lemo.

Mu'allim na shigowa na tare shi, baki har kunne. "Baba, mai kawo maka kaya yana cutar ka. Kwali guda tsutsa ta cinye, na zubar."

Ya je ya tono ƙwaya ɗaya daga sharar, ya kifa ta a kan ɗan ƙaramin yatsansa, ta zauna daram kamar hula.

"Ya waladi, ɗana, tsutsar garinku da awo take ci? Dubi ramin, duk girmansu ɗaya." Ya juya yatsan a gaban hancina. "Wannan haka Allah ya yi shi, in an tsinke shi cibiyarsa a reshe take zama. Wancan na kwalin farko shi ke tahowa da tasa. Suna ɗaya, jinsi biyu. Mai hular nan Hajiya ta nema, mako biyu ina jiran sa."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na fara kwance rigar aikin, na ce, "Baba, ban taɓa ganin tut ba sai yau."

"Na sani tun jiya," in ji shi. "Jira nake ka faɗa."

Ya kira Hajiya a waya. Da ɗan Larabcina na ji yana cewa laifinsa ne, shi ya bar kayan ba bayani. Wannan ya fi mini zagi zafi. Da ya ajiye wayar ya ce, "Mai da rigarka, Likitan Tsutsa, saura kwana ɗaya."

Shekaru sun wuce, yanzu ni ke riƙe da shagon, amma sunan bai sake ni ba. Masu kawo kaya ma in sun iso sai su ce, "Likita, a duba mana." Abin da na koya a ranar ƙarami ne: "ban sani ba" ba ta korar mutum daga aiki. Da na faɗe ta tun ranar farko, da dattijon nan bai ɗauki laifina a kansa ba.