Rawanin da Fazal Din Ya Naɗa

A garin Gujranwala duk ƙato mai tumbi ana kiransa pahlawan, har mai sayar da nono a bakin titi. Wannan abu yana ƙona wa Ustaz Fazal Din rai. Shekara arba'in ke nan yana koyar da kokawa a filinsa na jar ƙasa, wadda ake kwaɓawa da mai da kurkum.

Kakansa ya gaya masa kalmar daga Farisa ta zo. Pahlawan shi ne jarumin da ke fitowa shi kaɗai tsakanin runduna biyu, ya kira gwarzon abokan gaba, a yi ta ta ƙare. Da yaƙin takobi ya wuce, 'yan kokawa suka gaji sunan. Shi ya sa Fazal Din ba ya kiran ɗalibinsa da sunan sai ya naɗa masa rawani da hannunsa a bainar jama'a. Duk tsawon shekarun nan mutum ɗaya ya naɗa wa: Liyaƙat, wanda ya ci gurasar gidansa shekara goma sha biyu.

Ranar kokawar bikin girbi Liyaƙat ya ciccibi wani ɗan Lahor, sai ƙafarsa ta dama ta zame, ya faɗi rigingine. Jama'a suka ce tsautsayi. Fazal Din ne ya koya wa ƙafar nan tsayuwa, ya san ba ta zamewa sai mai ita ya so. An sayar da wasan.

Da safe Liyaƙat ya zo ya sunkuya zai taɓa gwiwar malaminsa kamar kullum. Tsohon ya janye ƙafa.

"Kawo rawanina."

"Haba Ustaz, kowa fa yana yi."

"Kowa ɗana ne? Wallahi ka ci amanata. Ka shimfiɗe wa ƙato kamar tabarma!"

Liyaƙat ya miƙe. "To Ustaz, tunda abin ya kai haka, ranar da aka naɗa maka naka, wa ka kayar?"

"Sadiƙ na Siyalkot. Gari ya shaida."

"Kawun babata ne. Har ya rasu yana ba mu labarin yana dariya. Malaminka ne ya je har gida ya roƙe shi ya kwanta, wai kai maraya ne, a rufa maka asiri."

Liyaƙat ya ajiye rawanin a gefen fili ya tafi. Fazal Din ba shi da wanda zai tambaya, malaminsa ya daɗe a kabari. Ya ɗauki fartanya zai juya ƙasar, hannunsa ya ƙi.