Fankar da Ta Sa Kakata Kuka

Shekarun baya, ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare, na mallaki wani makami da ba na jin akwai yaron da ya taɓa riƙe irinsa a duk faɗin Kontagora. Makamin nan hawayen kakata ne. Ku bi ni a hankali, zan yi bayani.

Kakata, wadda ta haifi mahaifina, a wani ƙauye take zaune can bayan Kasuwan Garba. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin har noma ya gagara, mahaifina ya je ya taho da ita gidanmu. Ta baro rumbunta da awakinta da wata bishiyar ɗorawa da take ba da labarinta kamar 'yar'uwarta, amma ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Dama an san ta da haka. Mahaifina ya ce ko ranar da kakana ya rasu, ita ce ta riƙa ba masu kuka haƙuri.

Ni da ita tun ranar farko muka ƙulla. Tana ce mini Maigida, ina ce mata Amarya. Kullum da safe sai ta tare ni: "Maigida, yau ma ba cefane?" Ni kuma in ce, "Amarya, mai haƙori huɗu me za ta yi da nama?" Sai ta zage ni da Kambarci, sannan ta ɗaga kwano ta miƙo mini ƙosan da ta ɓoye mini.

Mahaifina ya ɗaura aniyar sai ta manta da ƙauye. Lokacin bazara ne, irin zafin nan da ko kaza sai ta buɗe baki tana haki. Ya sayo sabuwar fankar tsaye mai lamba uku, ya dasa ta a gaban kujerarta, tana hura mata iska a fuska. Ya ɗauko talabijin daga falo ya kai ɗakinta. Mahaifiyata ma ba a bar ta a baya ba, safe da yamma tana banka mata turaren wuta, har sai ka yi lalube kafin ka gano inda Kaka take. Ita kuwa Kaka sai ta gano tashar kokawa, ta ƙattin nan masu ɗaga juna sama su maka da ƙasa. In ta kafa wa talabijin ido, ko ƙuda ya sauka a girarta sai dai ya gaji ya tashi.

Ba a yi wata guda ba hawaye suka fara.

Ranar da na fara cin moriyarsu, tsautsayi ne ya kai ni tukunyar miya. Na tsamo tsoka ɗaya, ƙawayenta biyu suka ce ba za a bar su ba. Mahaifiyata ta biyo ni da muciya, na faɗa ɗakin Kaka na laɓe bayan kujera. Tana ɗaga labule ta tsaya cak. Hawaye ne ke gangarowa a kumatun Kaka, layi biyu.

"Inna, lafiya? Me ya faru?"

Kafin Kaka ta buɗe baki na leƙo na ce, "Kin gani ko, Mama? Ba ta son a taɓa mata miji."

"Ni fa ba kuka nake yi ba," in ji Kaka. "Idon ne kamar an zuba mini yashi."

Wa zai yarda? Mahaifiyata ta ɓoye muciyar a bayanta, ta durƙusa tana ba da haƙuri, ta fita a sanyaye. Ni kuwa na zauna ina lasar yatsu ina tunani.

Malamin kimiyyarmu ya sha cewa ba zan taɓa zama komai ba. Da ya ga binciken da na gudanar a makon nan, da ya janye maganarsa. Na lura in an ɗauke wuta, idon Kaka ƙalau yake. In aka kawo wuta aka sa fanka a lamba ɗaya, sai ta riƙa murza ido. A lamba uku kuwa, in ga kokawa ga turare, kafin a kayar da ƙato na biyu ruwa ya sauko. Ban san dalili ba, ban kuma damu in sani ba. Abin da na sani shi ne duk sanda na yi ɓarna, sai in ruga ɗakin Amarya, in ce zafi ya yi mata yawa, in murɗa lamba uku, in gyara wa fanka wuya, in zauna ina jiran mai biyo ni. Na fasa madubin mashin ɗin mahaifina da ƙwallo, na tsira. Na aske wa akuyar maƙwabta gemu, na tsira. Ranar da babu wuta kuwa, duk unguwarmu ba yaro mai ladabi kamata. Har tsintsiya nake ɗauka ba a sa ni ba.

Abin da ban lura da shi ba, idon Kaka ya koma ja wur. Ta daina tsince shinkafa, don ta ce tsakuwa da ƙwaya duk ɗaya take ganinsu sai ta ƙifta ta ƙifta. Da safe sai ta daɗe a zaune kafin ta iya buɗe ido. Kullum tana cewa ba kuka take yi ba, kullum ana cewa kawaici ne irin na manya.

Sai gwaggona ta zo daga Salka. Ta shiga ta gaishe da mahaifiyarta, ta ga hawaye, ta fito tsakar gida tana magana da bango: "Ikon Allah. Matar da ba ta yi kuka a gaban gawa ba, yau ita ke kuka a gidan ɗanta. Ko me ake yi mata, oho." Ba ta kama suna ba, amma kowa ya san wa take nufi. Ranar na tarar da mahaifiyata a kicin tana kuka, kuma nata ba na fanka ba ne.

Bayan kwana biyu, da la'asar, mahaifina ya shiga ɗakin Kaka ya zauna a ƙasa, kansa a sunkuye. Ina bakin ƙofa ina jin su.

"Inna, na ga hankalinki yana gida. Na raba ki da wurinki, kin kasa faɗa mini. An ce an ɗan samu sauƙi a can. Ranar Asabar zan mayar da ke."

Kowa a gidan ya san wannan sauƙin na baki ne, don ko a makon an tare hanya. Mahaifina ne ɗan Kaka na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ja magana da shi. Ta ce, "To. Allah Ya kai mu."

Washegari Juma'a, babu wuta tun safe. Na dawo daga masallaci na same ta tana ƙulle kayanta a zane, idonta a bushe ƙamas.

"Amarya, yaji za ki yi?"

"Wane irin miji ne kai, ana korar matarka kana yawo?" Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta ja bakin zanen ta ɗaure. "Sun gaji da ni, Maigida. Ba laifinsu ba ne. Wa zai so tsohuwa tana tsiyaya a ɗaki kamar randar da ta tsage?"

"Ke ba kya son komawa?"

"In koma in yi me? Rumbun ma an ce an ƙone shi."

Nan na gane abin da na ƙulla. Shi yana ganin ita ke son tafiya, ita tana ganin shi ke korar ta, kunya ta hana su fahimtar juna, ni kaɗai ne na san gaskiya, kuma gaskiyar tana tafe da muciya. Na tsaya ina auna bayana da Amarya. Ba zan yi muku ƙarya ba, awon ya ɗau lokaci. Daga ƙarshe na je na sami mahaifina a zaure na ce, "Baba, don Allah ka tayar da janareta. Akwai abin da zan nuna maka."

"Janareta da rana tsaka? Kai ke sayen man?"

"In ƙarya nake yi, ka haɗa ni da Kaka ka kai ƙauye ranar Asabar."

Haka aka taru a ɗakin Kaka, har da gwaggona. Na ce kowa ya duba idonta, suka duba, babu komai. Na kunna kokawa, na murɗa lamba uku, na juyo da fanka, na koma kusa da ƙofa saboda tsaro. Ɗakin ya yi tsit, sai ihun ƙatti. Can sai ga shi, layi biyu. Kaka ko a jikinta, tana ta yi wa wani mai jan wando tsawa ya tashi.

"Ai na faɗa muku," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Na ce ba kuka nake yi ba."

Mahaifiyata ce ta fara haɗa zaren. Ta juyo a hankali ta dube ni. "Wato duk watannin nan, da naman miya, da madubin mashin..."

"Da gemun akuya," in ji mahaifina.

Ban san mace za ta iya zuwa kicin ta dawo cikin ƙiftawar ido ba sai ranar. Kaka ce ta tare: "Ku bar mini mijina, ni zan hukunta abina." Ta kama kunnena ta murɗa har lamba uku. Na rantse har yau na dama ya fi na hagu tsawo.

Ranar Litinin, maimakon ƙauye, sashen ido na asibiti muka nufa. Likitar ta ɗiga wa Kaka wani ruwa rawaya, ta haska da shuɗiyar fitila, sannan ta ce, "Mama, bushewar ido ce ke damun ki."

Na kasa riƙe bakina. "Likita, bushewa? Idon da zai iya ba gonar albasa ruwa?"

Ta yi dariya ta ce hawaye ba ruwa ba ne zalla. Akwai ɗan maiƙo a samansa, wanda ke fitowa daga gefen fatar ido, shi ke hana shi saurin ƙafewa, kuma duk ƙiftawa ɗaya tana shafa shi a kan idon. In shekaru suka ja, maiƙon yakan ragu. In aka haɗa da iska a fuska, da hayaƙi, da kallon da ba ƙiftawa, sai idon ya bushe ya yi zafi, jiki kuma ya turo ruwa da yawa a lokaci ɗaya, ruwan da ba ya zama.

Kaka ta gyaɗa kai. "Kamar ruwan sama a kan fako. Ya wuce, ƙasa ba ta sha ba."

"Kin fi ni iya bayani, Mama."

Ta rubuta maganin ɗigawa, wanda na raɗa wa suna hawayen kwalba. Ta ce a juya fanka ta kalli bango, a fitar da turare waje, a ajiye kwalli tukuna, a riƙa shan ruwa, kuma kada a kuskura a ɗiga wani abu a idon don wai maƙwabta sun ce yana aiki. Ta ce safe da yamma a jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, a ɗora a kan idon yana rufe, don maiƙon ya saki. Ta kuma ce irin wannan ba a cika rabuwa da shi ba, lallaɓa shi ake yi, in ya ƙi a dawo.

Mahaifina ya dube ni ya ce, "Ga mai tsumma nan."

Hukuncina ke nan, kuma shi ne aikin da na fi daɗewa ina yi ba a kore ni ba. Ina ɗora mata tsumma, tana kwance ido rufe tana ba ni labarin ɗorawarta, da yadda kakana ya faɗa rafi ranar da ya fara zuwa zance. Lokacin kokawa kuma in zauna a gefenta kamar ɗan sanda, ina daka tsawa: "Amarya, ƙifta!" Ita kuma ta ce, "Bari a kayar da shi tukuna!" Cikin 'yan makonni jan ya washe, ta koma tsince shinkafarta. Gwaggona ta aiko wa mahaifiyata da buhun gyaɗa, ba tare da wani bayani ba.

Da na gama aji uku aka kai ni makarantar kwana. Ranar tafiya na shiga yi mata sallama da akwatina a ka, sai na ga layi biyun nan a kumatunta.

"Amarya, kuka?"

"Kai tafi can. Fankar nan ce."

Kwana biyu ke nan ba a kawo wuta ba.

Bara Allah Ya karɓi abarSa, a ɗakin nan, a cikinmu, ba a ƙauyen da na kusa jawo a mayar da ita ba. Na koyi cewa in mutum ya faɗi abin da ke damunsa, a fara yarda da shi kafin a fassara masa. Wata uku tana cewa yashi take ji a ido, muna ta yi mata tafsiri. Yanzu ko abokina na gani ya kafa wa waya ido yana murzawa, sai na daka masa tsawa ya ƙifta, har sun fara guduna.

Fankar tana nan a ɗakin, har yau bango take kallo, ba wanda ya juya ta. In na zo hutu nakan shiga in zauna a kujerar. Rannan mahaifiyata ta ɗaga labule ta same ni, ta ce, "Kai kuma lafiya? Me ya sami idonka?"

Na ce, "Fanka ce, Mama."

Ta dubi fankar, ta dube ni, ta saki labulen a hankali.