Murhun Yaya da Alkawarin Ƙasashe

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa, ƙanin mijina ya zo gidanmu a Koki da hantsi, riƙe da takardu masu kauri a cikin leda. Ma'aikaci ne a wani ofishi mai kula da muhalli, a gida kuma Darakta muke ce masa tun kafin ya kai muƙamin. Akwai wasa tsakanina da shi, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin miji, don haka ban taɓa tauna masa magana ba. Mutum ne mai yawan tafiya. Duk bayan 'yan watanni sai a ce ya tafi wata ƙasa taron sauyin yanayi, ya dawo da jaka mai tambari da labarin abincin otal.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malama, aiki na kawo miki. Ƙasashen yankinmu ne za su haɗu a nan Kano su tsayar da manufa ɗaya a kan makamashi. Ana so a juya daftarin zuwa Hausa, ranar taro kuma ki yi tafinta."

Na ce, "Wace irin manufa?"

Ya ce, "Za a tsayar da shekarar da duk ƙasashen za su daina girki da itace da gawayi, a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, kowane gida ya samu wuta mai tsafta."

Na tambaye shi wace shekara ce. Ya buɗe shafi ya ɗora yatsa a kai. Na yi lissafi a zuciyata, na ga jikata da ke rarrafe a tsakar gida a lokacin, kafin shekarar ta zo ita ma ta aurar da 'ya'ya. Na ce masa lallai inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ya yi dariya ya ce ban san yadda ake tsara manyan al'amura ba.

Na karɓi aikin, don zaman gida ya fara isata. Sati uku na yi a kansa. Kalmomin ba su ba ni wahala ba, jimlolin ne suka ba ni. Tsawon aikina na koyarwa ina cewa 'yan mata su nemo mai aikatawa a cikin kowace jimla, amma a wannan daftari na yi ta nema ban same shi ba. Za a tabbatar. Za a ƙarfafa. Za a samar da yanayin da zai ba da dama. Wa zai yi? Takarda ba ta faɗa ba. Na kira Darakta na tambaye shi ko in sa "gwamnatoci za su", ya ce kul, in bar shi yadda yake, an sha wuya kafin a amince da rubuta shi haka.

Ana saura kwana biyu taro ya dawo da wata buƙata. Suna son mace ɗaya mai sana'a da itace ta zo ta yi magana, don baƙi su ji daga bakin talakawa. Ya ce yayata ce ta faɗo masa a rai.

Yaya ta girme ni da shekara tara. Waina take yi a Mandawari tun rasuwar mijinta, da ita ta ciyar da 'ya'yanta ta aurar da su. Ɗakin girkinta ɗan ƙarami ne, bangon ya yi baƙi ƙirin, ƙofa ɗaya ce gare shi. Idonta kullum ja ne yana ruwa, tari kuma ya zama abokin zamanta. Da na je na faɗa mata, sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

Ta ce, "Maganin hayaƙi za su yi?"

Na ce, "Haka suka ce, Yaya."

Ta ce, "To ai kuwa zan je. Ni na san hayaƙi fiye da su."

Da gaske take, shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Ranar taron ba ta jiƙa shinkafa ba, ba ta ɗora tanda ba, masu zuwa da kwanuka suka koma hannu rabbana. Ta ciro atamfar da take ajiyewa don biki ta ɗaura, muka hau a daidaita sahu muka fita bayan ganuwa.

A wani babban otal aka yi taron. Tun daga bakin ƙofa muka ji rurin janareta, wani ƙato da ya kai ɗakin Yaya girma, yana tuttuɗo baƙin hayaƙi sama. Yaya ta tsaya ta kalle shi. A cikin zauren kuwa sanyin na'ura ya sa ta ƙudundune cikin mayafi kamar mai zazzaɓi. Aka zaunar da mu a baya, ni da ita da wani dattijo mai gidan burodi, su biyun ne kaɗai ke buƙatar tafinta. Wakilan ƙasashe suna gaba, kowa da ƙaramar tuta da robar ruwa a gabansa.

Tun safe har azahar a kan abu biyu aka yi gardama. Na farko, a rubuta "za mu daina" ne ko "za mu yi ƙoƙarin dainawa". Na biyu, shekarar. Wakilin wata ƙasa mai arzikin mai ya ce a ƙara matsar da ita gaba. Wakilin wata da ba ta da mai ya ce a jawo ta kusa, muddin wasu ne za su ɗauki nauyi. Masu Faransanci suka ce fassararsu ba ta dace da ta masu Turanci ba, aka dakata aka sha shayi. Wata baƙuwa ta haska majigi, ta nuna layi yana gangarowa sannu a hankali har ya taɓa ƙasa a ƙarshen allo, aka yi mata tafi. Ni kuwa ina raɗa wa mutanena abin da ake cewa. Can mai burodi ya ce in huta, in an zo wajen da ya shafi tanderunsa in tashe shi. Ban tashe shi ba har aka tafi salla.

Bayan cin abinci aka kira Yaya. Darakta ya riga ya karanta mata abin da za ta ce: ta yi godiya, ta ce tana murna, ta zauna. Ta riƙe makirufo da hannu biyu, ta yi sallama, ta yi musu sannu da hanya. Sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Ki tambayar mini su, ba mugun fata nake musu ba, Allah Ya ba su tsawon rai. Wannan shekara da suka sa, wa zai kai ta a cikinsu? Ina son in san wanda jikokina za su je su tambaya."

Na juya da Turanci yadda ta faɗa, ban rage ba. Zauren ya ɓarke da dariya da tafi. Shugaban taron, wani mai furfura da ya girmi Yaya, ya ce irin wannan murya suke son ji. Baƙuwar nan mai majigi ta rubuta maganar a littafinta. Ba wanda ya amsa.

Yaya ta jira tafi ya lafa, ta ce, "To na ji. Kafin shekarar ta zo, gobe da safe da me zan hura wuta?"

Shugaban ya yi dogon bayani. Na taƙaita mata: "Sun ce za a kafa kwamiti."

Ta ce, "Kwamitin yana kamawa da ashana?"

Wannan ban fassara ba, don na hango Darakta yana mini alama da ido kamar zai yi kuka. Aka fito da wani murhu na ƙarfe mai sheƙi da ƙaramin buhu, aka miƙa wa Yaya, wakilai suka kewaye ta aka yi ta ɗaukar hoto. A ƙarshe suka amince da "za mu yi ƙoƙarin dainawa", aka matsar da shekarar gaba kaɗan, kowa ya sa hannu, aka ce an kafa tarihi.

Murhun ya zo Mandawari a kan cinyar Yaya. Washegari ta gwada shi. Bakinsa na ƙaramar tukunya ne, tandarta kuwa faffaɗa ce mai gidaje da yawa, in ta ɗora sai na tsakiya su ƙone na gefe su fito ɗanye. Ba ya cin itace, ba ya cin gawayi, sai wasu curarrun 'ya'ya na garin katako da ke cikin buhun nan. Da buhun ya ƙare ta sa aka zaga kasuwanni, ba wanda ya taɓa ganin irinsu. Murhun ya koma bayan randa, daga baya wata kaza ta mayar da shi wajen saka ƙwai.

Bayan wasu watanni Darakta ya kawo rahoton taron, littafi mai santsi, hoton Yaya a bango tana rungume da murhu. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa wannan mata ta rabu da itace. Na kai mata na karanta mata tana durƙushe tana fifita wuta. Ta karɓa ta kawo shi daf da idonta, ta ce atamfar dai ta fito da kyau.

Kada a ce ba ta yi ƙoƙarin kanta ba. 'Yarta ta fari ta sayo mata tukunyar gas, ta yi wata da watanni tana aiki da ita, idonta ya washe, tarin ya ragu, ta ce ashe haka mutane ke numfashi. Sai gas ya yi tsadar da in za ta ci gaba da shi dole ta rage girman waina, masu saye kuwa suka fara ƙorafi. Ta jingine tukunyar ta koma ga mai itace. Shekara biyu bayan haka likitan ido ya ce in ba ta nisanci hayaƙi ba za ta rasa ɗan ganin da ya rage mata. 'Yar autarta ta gaji tandar, a ɗaki ɗaya, a murhu ɗaya. Yaya ta koma zama a inuwa, aikinta dama ƙullu, da hannu take gane ya tashi ko bai tashi ba.

Ni ban taɓa musun cewa yanayi ya sauya ba. Zafin bazara na yanzu ban san shi ba ina yarinya, ruwa kuma in ya zo a rana ɗaya yake zubo na sati, a lungunmu kaɗai na ga katangu sun zube. Masu cewa a rage hayaƙi gaskiya suka faɗa. Abin da na raina shi ne mutum ya ɗauki alkawari ya ajiye shi a shekarar da ya tabbata yana kabari, ya shafa fatiha, ya nufi filin jirgi.

Bara Darakta ya sake zuwa da leda. Yanzu darakta ne na gaske, ya kusa ritaya. Ya ce ƙasashen za su yi bitar manufa, an fito da sabon daftari. Na sa tabarau na karanta shafi uku. Jimlolin nan ne dai, ba mai aikatawa, sai shekarar da aka sake turawa gaba. Na shiga ɗaki na ciro tsohuwar fassarata daga akwati, na soke shekarar da biro na rubuta sabuwa, na gyara kanun, na miƙa masa tun shayinsa bai huce ba.

Ya ce, "Haba Malama, ba ki ɗauki abin nan da muhimmanci ba."

Na ce, "Na ɗauke shi daidai yadda kuka ɗauke shi."

Ya ce in ba a sa shekara ba, babu ƙasar da za ta motsa ko kaɗan. Na ce wataƙila haka ne, amma ya nuna mini abu ɗaya da aka sa wa wa'adin baɗi, wanda za a iya tsare shi a hanya a tambaye shi. Ya ce ai an samu ci gaba, ko a unguwar nan ya ƙirga rufin gidaje da dama masu sola. Na ce duhu ne ya kori mutane suka saya da guminsu, kada ya kuskura ya zuba su a rahoto. Daga yadda ya sunkuyar da kai na gane ya riga ya zuba.

Ranar Asabar ɗin makon na je Mandawari na ba Yaya labari, na ce an ƙara wa shekararta nisa. Ba ta ko yi tsaki ba. Hankalinta yana kan 'yar autarta, wadda ta fara tari irin nata. Ta ce ta yi magana da wani magini a unguwar, yana nan tafe, in tsaya in zama idonta.

Maginin ya zo da guduma da tsani. Yaya ta sa na kama hannunta muka shiga ɗakin girki, ta shafa bango, ta nuna masa inda hayaƙi ke taruwa ya rasa hanya. Ya huda taga a can sama kusa da azara, ya sake huda wata ƙarama a ƙasa ta ɓangaren da iska ke shigowa, ya matsar da duwatsun murhu zuwa ƙarƙashin ta saman. 'Yar autar ta hura wuta don gwaji. Hayaƙin ya ɗan yi shawagi, sannan ya miƙe ya bi tagar. Bai fita duka ba, amma ina iya hango fuskarta daga bakin ƙofa. Yaya ta tambaye ni ko yana fita, na ce yana fita. Ta ce a zuba wa magini waina da miya kafin ya tafi, don la'asar ta gabato.