Bayan Ɗakin Inna Ikilima

Duk Roni babu wanda zai ce maka ya taɓa jin muryar Inna Ikilima ta tsallake katanga. Bafulatana ce daga wata ruga a Gwiwa. Aure ya kawo ta gidan Malam Kawu, ta dama fura ta sayar har furfura ta cika mata kai, mijin ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Musaddiƙ, ɗan ƙanin mijin, shi ta goya, shi ta raina har ya tafi Kano ya yi arziki.

To, arziki bai iya zama shiru ba. Musaddiƙ ya dawo da yashi da bulo, ya ce ya gaji da ganin gidan ƙasa. Aka rushe zaure, aka fitar da falo, aka shimfiɗa tayil mai santsi wanda tsofaffi ke takawa kamar masu tsallaka rafi. Ɗakin Inna kuwa ya ce sai an yi mata banɗaki a ciki, ta huta da fita cikin ruwan sama. Da zuciya ɗaya ya yi, wannan kam gaskiya ne.

Sai dai banɗaki yana son rami. Toma magini ya auna, ya ce bayan ɗakin ya fi dacewa, gindin zogale, inda wani tsohon tulu yake kife.

"Ba nan ba," in ji Inna.

"Don me, Inna?" Musaddiƙ ya tambaya.

"Ba nan ba dai."

Ya yi dariya, ya ce zai dasa mata wani zogalen. Ita kuwa ta sunkuyar da kai. A ƙarƙashin tulun nan ɗanta na fari yake kwance, wanda ya rasu jim kaɗan bayan suna, aka binne shi a cikin gida kamar yadda ake yi wa jarirai a da. Duk waɗanda suka sani sun mutu. Bafulatana kuma ba ta kama sunan ɗan fari ko yana raye, balle ta tsaya gaban maza tana zancensa. Kunya ta ɗaure mata baki, baƙin ciki yana cin ta.

Ranar kasuwa ta dawo daga sayar da fura ta ji ƙarar diga. Ta leƙa: tulu a farfashe, zogale a kwance, Toma cikin rami har gwiwa.

Ba ta san lokacin da taɓarya ta zo hannunta ba. Ta sauke wa Toma ita a kafaɗa, ya kurma ihu, digar ta suɓuce. Ta ƙara masa a damtse, ƙashi ya ce ƙas. Wani lebura ya taso zai riƙe ta, ta zabga masa a baki, ya tofar da haƙori da jini. Musaddiƙ ya fito a guje ya rungumo ta ta baya yana cewa, "Inna! Lafiya, Inna?" Ta fizge, ta juyo ta rotse masa goshi, yaron da ko dunguri bai taɓa sha a hannunta ba. Jini ya wanke masa fuska, ya gangaro kan farar shaddarsa.

Ta yar da taɓaryar ta dira cikin ramin, tana tona ƙasa da yatsu. Ta kwance ɗankwalinta, kanta a buɗe gaban maza, ta tsince abin da digar ta fito da shi, 'yan ƙasusuwa sirara kamar tsinke.

Musaddiƙ ya durƙusa a bakin ramin, hannu dafe da goshi. "Inna, don Allah mene ne a nan?"

Ta naɗe ƙasusuwan a ɗankwalin.

"Daudu ne," ta ce. "Yayanka ne. Kun sare shi."

A ranar aka mayar da ƙasusuwan, aka rufe ramin da ƙasa. Musaddiƙ da kansa ya kai Toma wajen mai ɗori, Toma kuma da ya ji dalili ya ce ya yafe wa Inna. Banɗakin yana nan, tayil fes, ba a taɓa sakin ruwa a cikinsa ba. Duk sanda Musaddiƙ ya durƙusa gaishe ta, sai Inna ta kai hannu ta shafa tabon goshinsa. Sunan nan kuwa ba ta sake kama shi ba.