Yaya, Wa Zai Riƙe Mini Katin?

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, wajen ƙarfe goma na safe, ina sauke katan-katan na ruwa a bakin wani kanti, babbar 'yarki ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta ce, "Kawu, Mama ta rasu." Jinyar kwana uku kacal. Allah ne Ya ba mu ke, kuma Shi Ya karɓi abinSa. Na zauna a kan matakalar motar kamfani, sai da mai kantin ya zare makullin motar daga hannuna.

Yaya, masu zuwa gaisuwa sun faɗi alherinki: matan da kika koya wa ɗinki kyauta, da marayun da kike haɗa wa kayan makaranta da ragowar yadi. Duk gaskiya ne. Amma akwai wanda ni kaɗai zan iya faɗa, ko da zai zubar mini da mutunci, domin na gaji da jin ana cewa ƙaninki mutum ne mai natsuwa. Natsuwar taki ce, aro kika ba ni.

Shekara biyu ke nan da na shigo shagonki da rana tsaka, waya tana ta ruri a aljihuna na kasa ɗauka. Mutum goma sha ɗaya ke bina bashi. Albashi ya shigo Litinin, kafin Juma'a ko na sabulu babu. Ni ne mai biya wa abokai kuɗin abinci, ni ne mai sabon takalmi, ni ne mai cin bashi ta waya don in toshe wani bashin. Kika ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, kika dube ni ta saman tabarau, kika ce, "Alhaji Gobe, yau kuma wa ka ce wa gobe?" Na so in yi dariya, sai kuka ya riga ta.

Ba ki yi mini dogon wa'azi ba. Hannu kika miƙo, kika ce in kawo katin banki. Kika sa ni gaba har wurin na'urar cirar kuɗi, kika ce in juya baya, kika canza lambar sirri. Katin ya koma aljihun kekenki, cikin zare da maɓallai. Sannan kika ɗauki allin da kike zana yadi, kika jera masu bina a bayan ƙofar shago, ƙarami a sama, babba a ƙasa. Duk Asabar in zo in karɓi kuɗin mako, an lissafa har da na aski. Bashi kuwa da ƙafata nake kaiwa, in kira ki a gaban mai shi ya ce ya karɓa, sannan ki goge layinsa da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ranar da na fusata na ce ni ba yaro ba ne, ko kai ba ki ɗago ba. Kika ce, "Gaskiyarka. Yaro ai ba a ba shi bashi."

Kowane wata kina ware wani abu gefe, ina ta ƙorafi. Da aka kwantar da autana a asibiti, daga nan muka biya. Wannan ne karo na farko tun aurena da matsala ta same ni ban nemi rancen kowa ba.

Layi ɗaya ya rage a ƙofar, kuma shi ne babba. Takardar gidana tana hannun mai sayar da kayan gini. Saura biya huɗu, kuma a rubuce yake, in na tsallake ko ɗaya, gidan ya zama nasa.

Kwana bakwai bayan rasuwarki, 'yarki ta kawo mini katin a ambulan. Na tafi banki neman sabuwar lambar sirri, ina addu'a a wahalar da ni, a ce in dawo bayan wata. Minti goma ba a yi ba. Ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce, "Zaɓi lambar da ba za ka manta ba." Na zaɓa, kuma ga shi na kasa mantawa.

Tun ranar nake cikin tsoro, Yaya. Ba ɓarawo nake tsoro ba, kaina nake tsoro. In na wuce shagon wayoyi sai in ga na rage tafiya. Saƙonnin masu ba da rance suna shigowa kamar an gaya musu ba kya nan. Tsofaffin abokaina sun zo gaisuwa, kafin su tashi ɗaya ya ce, "Kwana biyu ka ɓuya, yaushe za ka leƙo?" Kuma na ji bakina yana shirin amsawa. Albashi zai shigo Litinin, kuma na san wanda nake zama idan kuɗi suka kwana a aljihuna.

Sau nawa kika ce in gaya wa matata maganar gidan? Kika ce, "Ba zan dawwama a kan keken nan ba." Kullum in ce a bari a gama biya tukuna. Yau da safe, bayan yara sun tafi makaranta, na same ta tana wanke kwanuka, na faɗa mata komai, na ajiye katin a gefenta. Ta ajiye kwanon da ke hannunta. Sannan ta ce, "Shekara biyu ina share gidan da ba namu ba, kai da Yaya kun sani?" Wannan ya fi komai ƙona mini rai, domin ni na jawo miki. Na ce ni na roƙe ki ki rufa mini asiri, na ce don Allah ta yafe miki. Ta goge hannu, ta ɗauki katin, ta ce, "Ita Yaya na yafe mata duniya da lahira. Kai kuwa, sai na ga takardar nan da idona."

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna a kan nauyin da kika ɗauka wanda ba naki ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki biyar, da duk wadda ta koyi riƙe almakashi a hannunki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Ni kuma ina roƙonku, jama'a, in kun yi mata addu'a ku sa ni a ƙarshe. Litinin saura kwana uku.