Daminar da Baba Ya Yi Zaman Lalle Saboda Fasfo

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda aka zane ni a kansu don kada in manta. Amma daminar da na raka mahaifina neman fasfo, ita kam ta zauna daram, ba na jin akwai ranar da za ta fita daga raina. A daminar ce na gano mutum zai iya shekara saba'in yana noma ƙasa, yana fita jefa ƙuri'a duk lokacin da aka zo da lasifika aka roƙe shi, amma ranar da ya nemi ƙasar ta shaide shi, sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya je ya dawo.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kankiya, inda nake aure. Baba kuwa yana gida a Ƙofa, tsakanin gonarsa da masallaci, ba shi da wuri na uku. Yana da wa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tafi aikin hajji tun Baba yana saurayi, ya yi zamansa can, ya yi aure ya hayayyafa. Mu a hoto muka san shi. Ana cikin noman fari sai 'ya'yansa suka kira ni ta bidiyo, suka haska mini wani tsoho kwance a gadon asibiti, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito, amma hancin nan na gidanmu yana nan. Suka ce likita bai ba su wani dogon fata ba, kuma tsohon ba ya ambaton kowa sai ƙanensa. Su za su ɗauki nauyin biza da jirgi. "Abu ɗaya kawai muke so daga wajenku," in ji babbar 'yarsa da Hausarta mai gauraye da Larabci, "fasfo."

Abu ɗaya kawai. Allah ya jiƙan rashin sani.

Na tattara duk takardun da aka ce a kawo, na biya abin da aka ce a biya, aka sa mana rana. Muka yi sammako zuwa birni. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗora hula, ya zauna a mota kamar wanda za a naɗa wa sarauta. A ofishin muka tarar da jama'a kamar ana rabon taki. Muka samu gefen benci muka zauna, muna matsawa kaɗan-kaɗan, har rigar Juma'a ta fara komawa ta Litinin.

Da aka kira mu ciki, wani matashin jami'i ne a bayan kwamfuta, mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya gaishe da Baba, sannan ya ce ya cire hula a ɗauki hoto. Baba ya waiwayo ya dube ni. Ni kaina da na girma a gidansa ban fi 'yan lokuta na ga tsakiyar kansa ba. Ya cire ta a hankali, ya riƙe a ƙirji kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Har yau in ka buɗe fasfon, fuskar da za ka gani ta mutumin da aka ƙwace wa akuya ce.

Sai aka zo kan yatsu. Jami'in ya nuna masa wani ɗan gilashi mai koren haske ya ce ya ɗora. Baba ya ɗora. Shiru. Ya ce ya danna. Baba ya danna har teburin ya yi ƙara. Ya ce a'a, ya sassauta. Ya goge gilashin da hankici, ya goge yatsun Baba, ya ce ya shafa su a goshinsa ko za su samu maiƙo. Baba ya shafa goshi, ya shafa gemu, ya hura musu iska, har da tofa addu'a. Na'ura ta ce ba ta ga kowa ba.

Jami'in ya kama hannun Baba ya juya tafin, ya duba kamar mai duban ƙasa, ya ce, "Baba, yatsunka ba su da zane."

"Ba su da mi?"

"Zane. Ya goge. Wace sana'a kake yi?"

Baba ya dubi hannun nan nasa da kanta ta mayar kamar bayan ƙwarya, ya ce, "Alƙali ne ni, ɗana."

Na danne dariya na ce masa noma yake yi. Jami'in ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta, ya ce ai fartanya ce ta cinye zanen. Maganin mai sauƙi ne: Baba ya je ya huta da aikin hannu na sati biyu ko uku, ya riƙa shafa mai safe da yamma, zanen zai dawo.

Baba ya ce, "Ɗana, ofis ɗin nan naku yana da taga kuwa? Ka leƙa ka ga hadari? Yanzu hwa gero yake ga gwiwa, ciyawa na bin shi."

"Wallahi Baba ba yadda zan yi, na'ura ce."

Wannan magana, "na'ura ce", na sha jinta daga baya a wurare da dama. Ita ce ƙarshen kowace gardama a zamanin nan. Da mutum ne ya hana ka, sai ka roƙe shi, ka haɗa shi da Allah da iyayensa. Na'ura kuwa ba ta da uwa.

Muka koma gida. Mutum ɗaya ce ta yi murna da wannan hukunci, wato Inna, mahaifiyata. Ta yi shekaru tana roƙonsa ya rage wahala, 'ya'yansa sun girma, bai ko saurare ta ba. Yau ga gwamnati da kanta ta goya mata baya. Nan take ta naɗa kanta gandiroba. Ta kwashe fartanya da lauje da gatari ta kai ɗakinta ta kulle. Ta yi magana da Bafulatanar da ke kawo mana nono daga ruga, ta riƙa zuwa da man shanu sabo takanas saboda hannun Baba. Da safe a shafe yatsu, da yamma a shafe, in zai kwanta a zura masa safar ƙafa a hannu don kada man ya goge a tabarma. Kuliyoyin unguwa duk suka ƙulla abota da shi.

Labari bai kwana ba ya zagaye Ƙofa, ya kai har kasuwar Kusada. Akwai wani taubashin Baba, tsoho kamarsa, wanda Allah ya yi wa baki. Gonarsa tana gabas, gidanmu yana yamma, amma kullum sai ya biyo ta ƙofarmu da fartanya a kafaɗa, ya tsaya ya rusuna.

"Ina kwana, amarya? Ya zaman lalle? An sa ranar kai ki kuwa?"

Baba ya ce, "Wuce ka ba ni wuri, tsohon banza."

"A yi haƙuri, a miƙo hannun in gani ko ya kama. Kai, ma sha Allah! Ko matar hakimi sai haka."

Ni da ƙannena muka ɗauki 'yan ƙwadago su yi masa noman. Ashe wani sabon tashin hankali muka saya. Kullum sai ya je bakin gona ya tsaya, hannuwa cikin aljihu, yana kallon yadda suke shafa wa ciyawa kai suna wucewa. Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ranar wata Laraba, saura kaɗan wa'adi ya cika, haƙurinsa ya ƙare. Ya fizge fartanya daga hannun ɗayansu ya ce zai nuna musu yadda ake yi, nuni kawai. Ya yi ta nuni tun hantsi har la'asar. Hannun da aka kwana biyu ana kiwo da man shanu ya yi laushi, sai ga bororo ya tashi a kowane yatsa, wasu har sun fashe.

Inna ta kira ni tana huci. Na hau acaba daga makaranta ko gida ban biya ba. Na same shi a zaure ya ɓoye hannuwa a cikin riga kamar yaron da ya saci ƙuli-ƙuli. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, kada ki yi mani faɗa. Ba ki ga abin da suke wa geron nan ba."

Ban kai ga ba shi amsa ba wayata ta yi ƙara. Daga can ne. Suka ce tsohon ya daina cin abinci, amma yau ya farka yana tambaya. Na riƙe wa Baba wayar, tunda shi ba ya iya riƙewa. Suka dubi juna, tsofaffi biyu masu fuska ɗaya. Muryar wansa da ƙyar take fita, ya ce, "Kana ina? Na ce ka zo."

Baba ya ce, "Ina nan tahe, Yaya. Ka jira ni."

Da aka kashe wayar sai Baba ya fito da hannuwan ya miƙa wa Inna da kansa. Daga ranar bai sake zuwa ko bakin gonar ba, kuma ko taubashin nasa da ya ji abin da ya faru, sai ya koma gaisuwa irin ta mutane. Wata safiya ma aka gan shi shi da 'ya'yansa a cikin geron Baba suna maimai, bai gaya wa kowa ba.

Da hannu ya warke muka koma birni. Muka yi layi, muka kai bakin ƙofa, aka ce netwok ya tafi. Baba ya tambayi na kusa da shi ko an san inda ya tafi, a aika a kira shi. Muka jira har aka tashi, bai dawo ba, da alama shi ma gona ya je. Muka sake dawowa a karo na uku, direbobin tashar Kankiya har sun fara ce mana 'yan gida.

Wannan karon na'urar ta yi mana adalci daidai gwargwado. Ta karɓi wasu yatsun, ta ƙi wasu. Manyan yatsun nan biyu da suka fi shan fartanya ta ce sam ba ta san su ba. Jami'in ya fara sosa ƙeya, na ga bakinsa yana shirin cewa mu je mu dawo. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Malam, don girman Allah wa ke sama da kai a ofishin nan? Kai ni wurinsa." Muryar da nake tsawata wa 'yan aji uku ce ta fito, har na bayanmu suka yi tsit.

Ya kai mu wani ɗaki, muka tarar da wata dattijuwar jami'a da tabarau a kan hanci. Na zayyana mata komai, tun daga gadon asibiti har man shanu. Ta kama hannun Baba ta duba, ta ce, "Ayya Baba, sannu. Ai irin wannan kullum muna gani, manoma da magina da masu wanki. Akwai yadda ake yi wa tsofaffin da zanensu ya goge, a ɗauki abin da ya samu, in sa hannu, shi ke nan. Da tun zuwan farko kun shigo nan, da an gama."

Ta sa hannu. Ko shayin da ke gabanta bai huce ba.

Muka fito muka shiga mota. Sai da muka bar gari Baba ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Uwata, wannan magana ta tsaya tsakaninmu. In taubashina ya ji cewa zaman nan na banza na yi, sai dai in bar garin." Na riƙe amanar iya ƙarfina. Yanzu da taubashin ya riga mu gidan gaskiya, ina ganin ta halatta.

Fasfo bai fito da wuri ba, sai da ya ja mana rai, kowace wayar da ta shigo daga can sai in ɗauka rasuwa za a sanar da ni. Amma Allah ya yi da rabon ganawa. Baba ya tafi gero yana fitar da kai, ya iske wansa da rai. 'Ya'yan suka gaya mini tsohon ya tambaye shi me ya tsayar da shi haka, Baba ya kwashe labarin duka ya faɗa masa, har safar ƙafar bai ɓoye ba. Marar lafiyar da ya yi watanni bai murmusa ba ya yi ta dariya har da tari, sai da ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Yana cewa, "Kai? Kai ne ka zauna da damina?" Bai daɗe ba bayan haka ya cika, kansa a cinyar ƙanensa, kuma Baba yana sahun gaba aka yi masa salla.

Geron shekarar bai yi auki ba, rumbu ɗaya ma bai cika ba, abin da bai taɓa faruwa a gidanmu ba. Ban taɓa jin Baba ya yi ƙorafi a kai ba. Abin da kawai ya ɓata masa rai shi ne ranar da na gaya masa fasfo yana da wa'adi, in ya cika sai an sabunta. Ya ce in gaya wa gwamnati ya gode, ta riƙe kayanta.

Ni dai darasin da na ɗauka ba mai tsawo ba ne. Takarda irin wannan a neme ta tun ana zaune lafiya, kada a bari sai wani yana kwance yana jira, don ciwo ba ya bin layi. Sannan duk ranar da wani ya ce mini ba yadda za a yi, na'ura ce, sai in yi masa godiya cikin ladabi, in tambaye shi ina ɗakin mai tabarau yake. Kusan kullum akwai shi, kuma kusan kullum ƙofarsa a buɗe take, mu ne dai ba a gaya mana ba.